Ba Kowace Ƙiriniya Ce Rashin Tarbiyya Ba

Da wuya a sami ajin da babu yaron da malamai suka haddace sunansa tun makon farko. Benci ba ya riƙe shi, yana amsa tambaya kafin malam ya rufe baki, fensirin da aka saya masa jiya yau babu shi. A gida a aike shi sayo gishiri, ya dawo hannu rabbana domin ya tsaya kallon masu ƙwallo. Sai a ce mai kunnen ƙashi ne, ko a ce iyayensa sun sangarta shi. Amma wasu daga cikin yaran nan larura ce ke damun su, wadda likitoci ke kira ADHD, wato kasa tattara hankali wuri guda haɗe da rawar kai da aikata abu kafin tunani. Su ne suka fi kowa shan bulala, kuma su ne bulalar ba ta yi wa amfani.

Dalili kuwa shi ne yaron ya riga ya san daidai. Tambaye shi ko ya kamata ya katse babba yana magana, zai ce a'a, kuma da gaske yake. Abin da ke gagarar sa shi ne taka wa kansa birki a daidai lokacin, aikin da ya rataya a kan sashen gaba na ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya nuna cewa nunar wannan sashe kan yi jinkirin kimanin shekara uku a irin waɗannan yara. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka wajen haddasa larurar, sama da kashi 70 cikin ɗari. Akwai kuma haihuwar bakwaini da gubar dalma irin wadda ta addabi ƙauyukan Zamfara a 2010. Saboda haka za a zane yaro, ya yi kuka, ya rantse ya daina, bayan minti goma ya maimaita. Abin da dukan ke dasa masa a zuciya kawai shi ne cewa shi lalatacce ne.

Mai karatu zai iya cewa ai kowane yaro yana ƙiriniya. Gaskiya ne, shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da kallo ɗaya. Dole alamomin su bayyana kafin shekara 12, su ɗore aƙalla wata shida, a gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da boko da islamiyya, kuma su zama suna gurgunta rayuwar yaron. Sannan akwai abubuwan da ke kama da larurar alhali ba ita ba ce: yunwa, rashin barci, raunin ji ko gani, tashin hankali tsakanin iyaye. Yaron da ya zo aji mai ɗalibai ɗari bai karya kumallo ba, koko da ƙosai yake buƙata kafin komai. Masu cewa larurar ƙirƙirar Turawan zamani ce kuwa, su sani likita George Still ya bayyana irin waɗannan yara a Landan tun 1902, kuma alƙaluman duniya sun nuna kusan yaro 5 cikin 100 na ɗauke da ita, har da ƙasashen Afirka.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan mata. Da yawansu ba sa tsalle-tsalle. Suna zaune shiru, hankali ya tafi wani wuri, girki ya ƙone, sai a kira su sakarkaru. Larurar ba ta cika tsayawa a ƙuruciya ba ma, domin kusan babba 2 zuwa 3 cikin 100 na fama da ita. Rawar kan takan lafa, amma mantuwa da gaggawa su zauna: magidancin da ke fara sana'a ya watsar, ya saɓa alkawari ba da niyya ba, ya furta magana cikin fushi ya zo yana nadama.

Tsoron magani yana da hujja a ƙasar da taramol da kodin suka yi ɓarna. Sai dai ga yaro ɗan ƙasa da shekara shida, koya wa iyaye dabarun reno ake farawa da shi: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ido cikin ido, yabo nan take idan ya yi daidai, wurin zama a gaban aji. In an kai ga magani irin Ritalin, likita ne ke auna shi yana bibiya, kuma bincike bai nuna yana jefa yara cikin shaye-shaye ba. Larurar kanta ce ke ƙara wannan haɗarin. Likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, su ne za su iya tantancewa, kuma yana da kyau iyaye su tafi da rubutaccen bayanin malamin ajin yaron.