Me ya sa ƙananan tallafi ba sa isa hannun ƙungiyoyin gida?

A taron agajin jinƙai na Istanbul a 2016, manyan masu ba da agaji sun yi alƙawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin gida kafin 2020. Alƙawarin bai cika ba.

A Mora da Kolofata, Arewa Mai Nisa ta Kamaru, inda Boko Haram ta tarwatsa ƙauyuka tun 2014, abin da ƙungiyar mata ke nema bai taka kara ya karya ba: iri, awaki, gyaran rijiya. Amma mai ba da tallafi sai ya ga takardar rajista, asusun banki da rahoto cikin Faransanci. Ƙungiyar da ba ta da su dole ta raɓu da wata babba, wadda ke cire kuɗin gudanarwa kafin ragowar ta iso ƙauye.