Ba Barci Yake Yi Ba: Giya da Matasanmu a Gadon Asibiti

'Yan'uwa, da zarar kaka ta yi, kuɗi ya shiga aljihun samari, sai gidajen burkutu su cika. Daga can wasu ba gida suke komawa ba, sai gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma ɓarnar ta fi yawa a cikin 'yan shekara 20 zuwa 39.

Me ke kai su asibiti? Na farko, haɗarin babur da raunin faɗa. Na biyu, shan giya da yawa a zama ɗaya, musamman ogogoro da goskolo, waɗanda suka fi burkutu ƙarfi nesa ba kusa ba. Hanta a hankali take tace giya. Idan ta yi mata yawa, numfashi yakan ragu, sukarin jini ya faɗi, balle in an sha da yunwa. Na uku, gurɓatacciyar giya mai gubar metanol, wadda ke makantarwa. A 2015 ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Wanda kuma ke da ciwon hanta, giya tana gaggauta lalacewar hantarsa.

Kuskuren da muka fi yi shi ne cewa, "A bar shi ya yi barci, gobe zai warware." Ko ya daina sha, giyar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini. Yana iya yin amai ya shaƙe.

In an kawo maka ɗanka a buge:
1. Ka kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba.
2. Kada ka ɗura masa ruwa, manja ko madara, kada ka sa shi amai dole.
3. Wani ya zauna kusa da shi har ya farfaɗo.
4. In an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa na yankewa, ko yana jijjiga, ko ya ce ba ya gani sosai, a kai shi asibiti nan take.

A faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da ya sha. Kunya ba ta ceton rai. Faɗa da nasiha suna iya jira sai gari ya waye. Numfashi ba ya jira.