Sayen Tsohon Bangalo a Maiduguri: Fili, Ruwa da Takarda Kafin Fenti

Maiduguri – Tun bayan ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, tambayar farko da ta kamaci mai neman gida a babban birnin Jihar Borno ita ce: ina ruwa ya tsaya a wannan gida? Yawan ɗakuna da kyan fenti duk suna biyo baya.

Tsofaffin gidaje marasa bene, waɗanda ake kira bangalo, suna da yawa a Tsohuwar GRA da kuma rukunonin gidajen gwamnati irin su 202 da 303 da 505. An gina akasarin irin waɗannan gidaje ne domin ma'aikata, bayan da garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976. Abin da ke jan hankalin 'yan kasuwa gare su, musamman na GRA, shi ne faɗin fili da baranda da inuwar itatuwan dogonyaro, a garin da zafi kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Bugu da ƙari, kwararowar 'yan gudun hijira da ƙungiyoyin agaji sakamakon rikicin da ya faro a 2009 ta ɗaga darajar filaye a cikin gari, ta yadda sau da yawa filin ne ake saye, ginin kuwa gyara ne a kan ciniki.

Sai dai kuma ba a cinikin biri a sama. Ambaliyar 2024 ta shafi Gwange da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma ba ita ce ta farko ba, domin madatsar ta taɓa jawo irin wannan ɓarna a 1994. Saboda haka wajibi ne mai saye ya san nisan gidan daga kogin Ngadda, da kuma ko a tudu yake ko a kwari. Sabon fenti kan ɓoye shatar ruwa a falo, amma da wuya ya ɓoye ta a cikin sito, ko bayan akwatin mita, ko jikin katangar maƙwabta. Dattawan unguwa da suka ga ambaliyar biyu sun fi dillali sanin gaskiyar lamarin.

Abu na biyu shi ne harsashi. A wuraren da ke da baƙar ƙasa mai yumɓu, wadda ake kira firki a Borno, ƙasar kan kumbura da damina ta kuma tsuke da rani, tana motsa gini shekara da shekaru. Ƙananan tsage a jikin filasta aikin birkila ne. Amma tsagar da ta tashi daga kusurwar taga a karkace, tana ƙara faɗi, ga ƙofofi sun daina rufuwa daidai, wannan sai injiniya ya duba kafin a yi maganar kuɗi. Har ila yau, ya kamata a hau cikin silin a ga abin da gara ta bari na katakon rufi. Idan rufin ko silin na asbestos ne, cire shi na buƙatar ƙwararru, domin ƙurarsa na haddasa cutar huhu mai kisa.

Game da wuta da ruwan sha, mazauna garin ba su manta da dogon duhun da suka shiga ba bayan an lalata layin lantarki na Damaturu a Janairun 2021, abin da ya kai ga buɗe tashar gas mai megawat 50 a 2023. Tsofaffin wayoyi ba a sa su domin na'urorin sanyaya ɗaki da famfon rijiyar burtsatse ba. Kuɗin sabunta su, da na sola, da na gyaran sokawe, duk a cire su daga farashin da za a taya.

Babbar magana dai ita ce takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka ba ya inganta sai da amincewarsa. Wa'adin takardar galibi shekara 99 ne, don haka wadda aka bayar a 1980 ta riga ta ci fiye da shekara 40. Takardar rabon gida daga ma'aikata ba daidai take da shaidar mallaka ba. Lauya ya bincika fayil a hukumar filaye ta jihar, wato BOGIS, ya tabbatar babu bashin kuɗin ƙasa, kuma ba a jinginar da gidan ga banki ba. Idan gidan gado ne, kada a biya ko kwabo sai an ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun dukan magada, mata da maza.

Wanda ya bi waɗannan matakai zai iya samun fili mai faɗi da inuwar da sabon gini zai shekara ashirin bai samu ba. Wanda kuwa ya ruɗu da sauƙin farashi, to ya tuna araha ba ta ado.