Idon da aka yi wa aikin leza yana iya ruɗin ma'auni

Na'urar da likitocin ido suka fi dogara da ita wajen gano hawan jinin ido, wato glakoma, ita ce wadda Hans Goldmann na ƙasar Suwizalan ya ƙera a shekarun 1950. Bayan an ɗiga maganin kashe zafi, sai ɗan kan na'urar ya danna koniya, tantanin nan mai garai-garai na gaban ido, har ya baje fili mai faɗin milimita 3.06, daga nan a ƙiyasta matsin ruwan da ke ciki. Kamar mai latsa salka da yatsa ne don ya san cikarta: in fatar ta yi siriri, za ta lotsa da sauƙi ko da ruwa ya cika ta maƙil. To ayyukan leza irin su LASIK da PRK kankare koniya suke yi don gyara rashin ganin nesa, saboda haka lambar da ake samu bayansu takan gaza ainihin matsin. Mutum ya ji an ce 14, alhali lafiyayyen ido tsakanin 10 da 21 yake, ya tafi gida da murna, jijiyar ganinsa kuwa tana lalacewa ba ciwo ba alama. Abin damuwar shi ne, masu tsananin rashin ganin nesa, waɗanda aka fi kankare wa tantani, dama suna cikin waɗanda glakoma ta fi kamawa. Ga kuma maganin ɗigawa na sitiroyid da ake bayarwa bayan aiki, wanda ke tayar da matsin wasu. In ruwa ya taru a ƙarƙashin ɓallen koniya da ake ɗagawa a aikin LASIK, na'urar sai ta nuna ƙasa sosai a daidai lokacin da matsin ya hau.

Wani zai ce ai sai a auna kaurin koniya a ƙara 'yan lambobi bisa jadawali. Wannan bai wadatar ba, domin leza tana sauya tauri da lanƙwasar tantanin tare da kaurinsa, kuma jadawalan ma ba su yi ittifaƙi ba. Wani kuma zai kawo sababbin na'urori irin su Pascal da Corvis ST. Gaskiya ne sun rage kuskuren, amma ba kowane asibiti ke da su ba. A ganina, wajibi ne likitan da ya yi aikin ya miƙa wa majinyaci rubutaccen bayanin matsin idonsa da kaurin koniyarsa kafin aiki, shi kuma ya riƙa sanar da duk likitan da zai duba shi, ko bayan shekara ashirin, don a leƙa jijiyar gani a gwada faɗin ganinsa kafin a ce masa lafiya lau.