Wuri Iri Biyu Ne: Bayansa Ke Faɗar Tekun da Ya Fito

A unguwar Shehuri ta Maiduguri, inda fadar Shehun Borno take, wuri ba baƙo ba ne. Ana ganinsa jikin laya da kayan ado, amma kaɗan ne suka san cewa ƙoƙon wata halitta ce ta teku, dangin dodon koɗi.

Da farko, wuri dabam, ƙumba dabam. Ƙumbar da ake samu a Tafkin Cadi ta ruwan daɗi ce, ɓawonta biyu ne masu buɗewa da rufewa. Wuri kuwa ƙoƙo ɗaya ne mai santsi, da tsaga mai haƙora a cikinsa, kuma sai a ruwan gishiri mai ɗumi, marar zurfi, yake rayuwa.

Wurin da aka yi ciniki da shi iri biyu ne. Na farko fari ne da ɗan rawaya, gefensa da ƙulu-ƙulu. Daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya aka fi kawo shi, inda masunta kan saka ganyen kwakwa cikin ruwa, ya manne, su shanya shi a rairayi. Na biyu yana da zobe ruwan lemo kewaye da bayansa. Wannan daga wajen Zanzibar ne, fataken Jamus suka shiga jibgo shi Afirka ta Yamma tun wajen 1845. Yawansa ne ya karya darajar wuri.

Borno ba ta karɓi wuri da wuri ba. Da ƙyallen saƙi mai suna gabaga ake ciniki, sai wajen 1848, zamanin Shehu Umar a Kukawa, wuri ya shiga kasuwa, takwas a bakin gabaga ɗaya. A Kano kuwa, cikin 1851, Bature Barth ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi.

Yau akwai na roba a kasuwa. Na gaskiya ya fi nauyi, yana da sanyi a hannu, in an kaɗa shi sai ya yi amo kamar tangaran. Saboda haka duk wanda ya gaji tsohon wuri a gida, kada ya yar, kada ya musanya. Ya juya bayansa ya duba, domin shaidar fataucin kakanni ce a tafin hannunsa.