Likitan da ke duba takarda ba ɗan koyo ba ne

Idan ciwo ya yi tsanani da dare a unguwar Moduganari, keke ake tarewa a garzaya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A cikin masu jinya akwai maganar da ta zauna, har dattawan da nake girmamawa na faɗinta: wai likitan da zai duba takarda alhali mutum na rai a hannun Allah bai iya ba, gwani da ka yake aiki. Na san mafarin maganar. Uban da ɗansa ke jijjiga ba ya son ganin idon likita a ko'ina sai kan yaron. Amma a ganina an ɗauki alhakin takardar nan.

A ce an kawo yarinya 'yar shekara uku, zazzaɓin cizon sauro ya sumar da ita. Likita ya gane ciwon tun daga ƙofa, nas na laluben jijiya, uwa na salati, ga wasu na jira. A irin wannan ruɗani ƙaramin abu ke kuɓucewa: a huda yatsa a auna sukarin jini. Aikin minti ɗaya ne, amma idan sukarin ya faɗi ba a lura ba, yarinyar na iya tafiya duk da an ba ta allurar da ta dace. Takardar jerin matakai tuni kawai take yi: hanyar iska a buɗe take? Numfashi fa? Jini na zagayawa? An auna sukari? Mu da muka tashi a Barno mun san ko alaramma ke limanci, idan ya sarƙe a karatu na bayansa kan tuna masa, ba kuma wanda ya ce bai da hadda.

An gwada abin. A wani bincike na Boston ta Amurka da aka wallafa a 2013, an sa ƙwararrun ma'aikatan tiyata atisayen ceton rai. Da ka, sun tsallake kashi 23 cikin 100 na muhimman matakai. Da takarda, kashi 6. Jerin tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 an jarraba shi a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8.

Masu shakka na da gaskiya a wuri ɗaya. A Ontariyo ta Kanada an tilasta takardar, binciken 2014 bai ga wani sauyin a zo a gani ba. Takardar da za a cike bayan an gama don a nuna wa shugaba ba ta ceton kowa, haka wadda ta ce a sa oksijin alhali tukunyar ba komai. Mai amfani ita ce wadda mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi a gefen gado sauran hannaye na aiki, har ƙaramar nas ta samu damar cewa, "Likita, ba a auna sukari ba."