Iskar da Ke Cikin Kwalba

A shagon hoto na kawuna da ke cikin garin Zariya akwai wani ɗan lungu da aka toshe tagarsa da kwali da baƙin ƙyalle. A nan na koyi wankin fim ina ɗan shekara 15. Sai da na yi wata uku kafin a bar ni in taɓa kyamara. Aikina mazurari ne da kwalabe, da ɗebo ruwa, da zaman jiran agogo a cikin duhu.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da aka kawo fim na wani suna, hoto 36. Na ɗauko jarkar ruwan da ke fito da hoto, wanda masu sana'a ke ce wa dibelofa, na zuba kamar kullum. Jarkar ta yi rabi tun kafin azumi, ga shi har an yi ƙaramar salla. Da na warware fim ɗin sai na ga ya fito fayau kamar leda, sai inuwar mutane can-can. Kawu ya ɗaga shi wajen ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

"Zo nan, ka ga lambobin nan na gefe?" in ji shi. "Tun daga kamfani aka buga su da haske. In hoto bai fito ba amma lamba ta fito baƙi wuluk, ka tuhumi kyamara ko mai ɗauka. In lambar ma ta dushe, ruwanka ne ya mutu."

Na ce, "Kawu, ko a sake wankewa?"

Bai amsa ba, domin fim sau ɗaya ake wanke shi. An riga an yanka rago, baƙi sun watse, wasunsu sun koma garuruwansu. Shi da kansa ya sa hula ya tafi gidan ya ba su haƙuri. Har yau ina wanke fim mai fari da baƙi a gida, kuma yawancin abin da na sani a kan adana wannan ruwa daga takaicin ranar ya samo asali.

A jikin fim akwai gishirin azurfa da aka shimfiɗa cikin wani abu mai kama da danƙo. Haske in ya shiga kyamara sai ya bar masa alama wadda ido ba ya gani. Aikin dibelofa shi ne ya bi wuraren da haske ya taɓa ya mai da gishirin baƙar azurfa. Matsalar ita ce, sinadarin da ke yin wannan aiki, iskar da muke shaƙa ma tana cin sa. Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ɓari guda ya san yadda fuskarsa ke sauya launi kafin a jima. Haka abin yake a cikin kwalba: ƙarfin da aka tanada domin fim, iskar da ke saman ruwan tana zuƙe shi dare da rana, zafi kuma yana ƙara mata hanzari.

Mu ɗauki D-76, garin da kamfanin Kodak ya fitar a 1927, wanda ake amfani da shi har yanzu. Kamfanin Ilford na Ingila yana da nasa mai suna ID-11, kusan haɗi ɗaya ne. A kowace lita akwai giram 2 na metol da giram 5 na haidrokwinon, su ne ma'aikatan, sai giram 2 na boras, sai giram 100 na sodiyam salfait. Dubi yawan wannan na ƙarshe. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne gadi, yana tare iska kafin ta kai ga ma'aikatan. Amma mai gadi ma yana gajiya. Kodak ya ce ruwan da aka haɗa zai kai wata 6 a cikakkiyar kwalba mai matsattsen murfi, wata 2 kacal in kwalbar rabi ce. Lissafin ɗaki mai sanyi ne wannan, wajen digiri 20. A watan Afrilu, a ƙarƙashin rufin kwano, ma'aunin zafi yakan doshi 40, don haka ni nakan raba waɗannan watanni gida biyu.

Kuskuren da na fi gani wajen masu koyo na tattali ne. Garin yana da tsada, daga ƙetare ake kawo shi, sai mutum ya ce bari ya ɗibi rabin leda ya ƙulle sauran, kamar yadda ake ƙulla sukari a teburin mai shayi. Kada ka yi. Garin nan abubuwa huɗu ne masu nauyi daban-daban, tafiya ta girgiza su, wani ya kwanta ƙasa wani ya tsaya sama. Rabin da ka ɗiba ba lallai ya zo da rabin metol ba, wanda dama giram 2 ne cikin fiye da 100. A haɗa leda gaba ɗaya. D-76 yana son ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55, ID-11 kuma wajen 40. A fara da kashi uku cikin huɗu na ruwan, a riƙa zuba garin sannu a hankali ana juyawa, sannan a cike. Juyawa a natse nake nufi. Masu rufe jarka su jijjiga ta kamar ana kaɗa nono, iska suke cusa wa ruwan tun ranar haihuwarsa.

In ya narke nakan bar shi ya kwana, da safe in raba lita guda cikin ƙananan kwalabe huɗu masu ruwan ƙasa-ƙasa, kowace mililita 250, in cika su har wuya yadda murfi zai kusa taɓa ruwa. Ranar wanki sai in buɗe guda, in ƙara mata ruwa daidai yawanta, in wanke fim ɗaya, in zubar. Sauran ukun ba su san an yi ba. Kawu ƙwallayen gilas na wasan yara yake jefawa cikin babbar kwalba duk lokacin da ya ɗiba, ruwa ya taso ya kori iskar. Dabarar tana aiki, sai dai kwalba kan yi nauyi, wanke ƙwallayen kuma aiki ne. Kwalabar roba mai naɗewa da ake sayarwa musamman domin wannan ban yarda da ita ba, lunguna sun yi mata yawa, ba ta wankuwa.

Ruwan haɗi ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse wani lokaci yana ɗauke da ƙarfe. D-76 yana da haƙuri da wannan, amma Xtol, wanda Kodak ya fitar a 1996 kuma aka gina shi a kan dangin bitamin C, ƙarfe yana saurin kashe shi, kuma yakan mutu ba tare da launinsa ya sauya ba. Tataccen ruwa ya fi. In za ka sayi ruwan batir, ka tabbata ba wanda aka sa wa asid ba ne. In babu, a tafasa ruwa, a bar shi ya huce ya kwanta, a tace da farin ƙyalle. Tafasawar ma tana korar iskar da ke cikin ruwan.

Wanda ba ya wanki sai jifa-jifa, fim biyu ko uku a wata, shawarata ya bar gari ya nemi Rodinal. Wani masanin haɗa sinadarai, Momme Andresen, shi ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Agfa a Balin ta Jamus a 1891, kuma ana yin sa har gobe. Ruwa ne mai ƙarfi, mililita 10 da za ka zuƙo da sirinji ya ishi rabin lita. Ina da kwalbar da ta shekara huɗu a buɗe-rufe, ta yi duhu kamar baƙin shayi, tana aikinta. Hotonsa yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa fiye da na D-76, wasu ba sa so, ni kuwa a fuskar tsoho ina son sa. Amma da zarar an sirka shi da ruwa, a yi amfani da shi nan take.

Wurin ajiya kuwa, ƙasa a cikin duhu, kusa da randa in akwai, nan ne wurin da ya fi sanyi a yawancin gidajenmu. Firiji bai dace ba: sanyi mai yawa yana sa sinadarin ya daskare ƙanana-ƙanana a gindin kwalba, kuma bai kamata ya zauna da abinci ba. Ina roƙon duk mai yara, kada ya zuba wannan ruwa a kwalbar lemo. Mun sha jin yaran da suka kwankwaɗi kananzir saboda irin wannan ajiya. A rubuta suna da ranar haɗawa a jikin kowace kwalba, a sa a akwati mai kwaɗo. A sa safar hannu, domin metol yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Mazurari da kofin awo na dibelofa su zama nasa shi kaɗai, ɗigo kaɗan na fiksa, ruwan da ake tsoma fim a ciki bayan dibelofa, ya isa ya ɓata shi.

Lokutan wanki da ake bugawa a takarda na digiri 20 ne. Fim ɗin HP5 na Ilford a cikin ID-11 da aka sirka rabi da rabi minti 13 yake so. Da bazara nakan sayo ƙanƙara in sa a kwano da ruwa, in tsoma kwalaben duka, har da fiksa da ruwan ɗauraya, don kada fim ya fita daga sanyi ya faɗa zafi fatarsa ta yamutse. Da hunturu kuwa, bayan asuba, ruwan randa da kansa yakan zo kusa da ma'auni.

Kafin kowane wanki nakan yanke ɗan harshen nan da ke leƙowa daga gwangwanin fim, wanda haske ya riga ya taɓa, in tsoma shi cikin ɗan ruwan a fili, ƙofa buɗe. Cikin 'yan mintuna ya kamata ya yi baƙi har in kasa hango fitila ta cikinsa da kyau. In toka-toka ya tsaya, kwalbar ta tafi, sai in ɗauko ta gaba. Makon jiya na gwada wadda na haɗa wata biyu da suka wuce, harshen ya yi baƙi, sannan na kashe fitila na ɓare gwangwanin.